Ƙaramin karafan ko ƙaton tafi-da-gidanka: wanne ne ke jure wa ƙasar Saudiyya?

Da sanyi ya fara shigowa, daga Nuwamba har zuwa Maris, kasuwar karafan takan motsa. Shafin Haraj na saye da sayarwa a intanet sai ya cika da hotuna, kowa na yabon hajarsa, masu kashta kuwa, wato masu fita shaƙatawa da kwana a daji, suna ta lissafin Al-Ula da Tabuk da Sumama ta bayan Riyad. Larabawa duk abin da ake kwana a cikinsa yana kan taya karafan suke ce masa, ko wanda Land Cruiser ke ja ne, ko mai injin kansa. Maganarmu a nan kan mai inji ce, kuma iri biyu ne suka cika kasuwa. Akwai ƙarami, wato motar ɗaukar kaya ko fasinja da aka cire wa kujeru aka shirya mata gado da murhu da tankin ruwa: Toyota HiAce, Hyundai Staria, Mercedes Sprinter, Fiat Ducato. Akwai kuma babba, gida sukutum da aka ɗora kan shasin babbar mota, wanda galibi daga Amurka yake zuwa da sunaye irin su Winnebago, Thor, Jayco da Coachmen.

Hukuncin tun daga farko: ga mutuminmu da ke zaune a Makka ko Jidda ko Madina, a gidan haya, da iyali da ba su wuce mutum huɗu ba, ƙaramin ne ya fi, kuma a cikin ƙananan, wanda aka gina kan HiAce. Babban yana da gurbin da babu mai ƙwace masa, za mu zo kansa, amma yawancin masu sayensa kyan falonsa ne ke ruɗarsu.

A fara da awo, don shi ne tushen komai. HiAce ƙirar 2019 zuwa yau tsawonta mita 5.27, doguwar mai tudun rufi kuma mita 5.9, faɗi mita 1.95. Sprinter na farawa daga wajen mita 5.9 zuwa 7.3. Manyan na Amurka rukuni biyu ne. Rukunin C shi ne mai kan Ford E-350 ko E-450, da gado da ya leƙo saman direba, tsawonsa mita 7 zuwa 10. Rukunin A shi ne mai siffar bas, a kan shasin Ford F-53 idan na fetur ne, tsawo daga mita 8 har 13, faɗi ya kai mita 2.5 ban da madubai, tsayi kuma mita 3.5 zuwa 4 idan an haɗa da mukayyif ɗin da ke kan rufi, wato na'urar sanyaya ɗaki.

Me ya sa na hannu daga Amurka yake zuwa da farashi mai jan rai? A shekarar 2021, lokacin korona, masana'antun can sun fitar da karafan kusan 600,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba. Zuwa 2023 ya faɗo wajen 313,000. Waɗanda suka saya cikin ɗoki suka fara neman kai da su, farashin na hannu ya sauka. Araha ce ta gaske a ranar saye. Abin da ke biyo baya ne ba a rubutawa a talla.

Mutane da yawa mai suke fara tambaya, alhali a wannan ƙasa ba shi ne babbar magana ba. Ɗauki tafiya daga Jidda zuwa Madina, kusan kilomita 420, a ƙara wajen 330 zuwa Al-Ula, a dawo: kilomita 1,500 ke nan. HiAce mai injin fetur V6 na lita 3.5, da kaya da ruwa, tana shan kusan lita 13 a kilomita ɗari, wato lita 195. A farashin riyal 2.18 na fetur 91, riyal 425 ke nan. Rukunin C yana shan wajen lita 25, kuɗinsa ya haura riyal 800 kaɗan. Rukunin A, lita 33, riyal dubu da ɗan wani abu. Bambancin bai kai kuɗin kwana biyu a otal mai kyau ba. Baturen da ke sayen lita ɗaya da kuɗin da ya ninka namu sau uku dole wannan lissafi ya hana shi barci, mu kuwa abin da zai hana mu barci zafi ne.

A nan ne ya kamata mai saye ya zauna ya natsu. Ba don zafi irin namu aka tsara ɗakunan yawancin motocin nan ba. Bangon babban karafan kaurinsa santimita uku zuwa biyar ne, soso mai tauri tsakanin fale-falen katako da fatar fiba. Mukayyif ɗin rufi na yau da kullum mai ƙarfin BTU 13,500 ne, yana cin wat 1,300 zuwa 1,500, kuma iskar da yake fitarwa ba ta fi wadda ya shaƙa sanyi da sama da maki 10 zuwa 11 ba. A ranar da Makka ta kai maki 45, mota na tsaye a rana, mukayyif biyu ma sai su wuni suna kuka ba su huta ba, ɗakin kuma da kyar ya sauko 30. Rukunin A ya fi shan wahala saboda ƙaton gilashin gabansa, wanda ke tara zafi kamar tanda. Ƙaramin ma ba tsira ya yi ba, jikinsa ƙarfe ne zalla, amma ɗakin da ake sanyayawa bai kai rabin na babban ba, kuma yana iya raɓewa a inuwar gini ko ta bishiya inda babban ba zai shiga ba. Idan masu haɗa shi sun liƙa baƙin soso mai hana zafi, mai kaurin milimita 19 zuwa 25, a rufi da bango da ƙofofi, bambancin a fili yake. Tambayi wannan kafin ka tambayi launin labule. A cire fale-fale guda a nuna maka. Da yawa daga masu haɗawa a sana'iyya, unguwar makanikai da maƙera, katako kawai suke bugawa a kan ƙarfe.

To, wutar da za ta juya mukayyif ɗin fa? Babban yana zuwa da janareta, yawanci Onan, kilowat 4 a rukunin C, 5.5 a rukunin A. Daga tankin motar yake sha, kusan lita biyu a awa, kuma an tsara shi ya mutu idan mai ya sauka zuwa kwatan tanki don kada ya bar ka a daji. Wanda bai san wannan ba sai ya ɗauka janaretan ya lalace. Ƙarfinsa kuma na raguwa da hawa sama, kimanin kashi uku da rabi cikin ɗari a kowace mita 300, don haka a Abha mai tsayin mita 2,200 kusan kwata na ƙarfinsa ya tafi, sai dai a can ba ka cika buƙatar sanyi ba. Ƙaramin ba shi da wurin janareta, da batir yake aiki. Batirin litiyam na amfiya 100 yana riƙe kilowat-awa 1.28. Don mukayyif ya yi awa shida na dare, kana buƙatar aƙalla guda huɗu, da inbata mai wat 3,000, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida. Farantin sola da zai hau rufin HiAce bai wuce wat 300 zuwa 400 ba, abin da zai tara a wuni kusan kilowat-awa biyu ne idan an goge masa ƙura, kuma zafi na rage masa ƙarfi. Sola ta isa firji da fitilu da famfo da cajin waya. Ba ta isa mukayyif ba, duk wanda ya ce maka ta isa yana son kuɗinka ne. Abin da ke cika batir da gaske shi ne caja mai jan wuta daga injin motar yayin tafiya, mai amfiya 30 zuwa 50. Kuma kada batirin ya zauna a akwati rufaffe kusa da salansa, don litiyam ba ya son a caje shi a zafin da ya haura maki 45.

Wasu sukan bar injin HiAce a kunne su kwana da mukayyif ɗin motar. Man da za ta sha ba shi da yawa, amma hayaƙin da ba ya wari yana iya taruwa ƙarƙashin mota ya shigo ɗaki idan iska ta tsaya. Haka garwashin gawayi da ake shigarwa a sanyin Tabuk, inda a Janairu ake sauka ƙasa da sifiri. Na'urar ƙararrawar hayaƙi kuɗinta kaɗan ne, a saka ta kusa da gado a kowace irin mota.

Ga wani tarko da ya ci kayan mutane da yawa. Wutar gida a Saudiyya bolt 230 ce, 60 Hz. Motar Amurka 60 Hz ɗin take so, amma bolt 120. Motar Turai kuma bolt 230 take so, amma 50 Hz. Kowacce ta dace da rabi ta saɓa da rabi. Idan aka jona ta Amurka kai-tsaye da soket ɗin istiraha, wato gidan hutu na haya, cajar batir da allon mukayyif da na firji duk sai su ƙone cikin daƙiƙa. Dole sai da taransifoma mai sauke wuta, kuma ga mota mai layin amfiya 30 kada ya gaza kVA 5. Tsofaffin gidajen Makka da Jidda da har yanzu ke da layin bolt 127 kada su ruɗe ka, wayarsu ba za ta ɗauki wannan nauyi ba. Ta Turai da sauƙi: yawancin cajojinta suna karɓar 50 da 60, amma a duba tambarin da ke jikin mukayyif, don kwamfaresan da aka yi wa 50 kaɗai zai riƙa gudu fiye da ƙima ya yi zafi. Motar da aka haɗa a nan cikin gida ba ta da wannan ciwon kai ko kaɗan, wannan ma maki ne babba ga HiAce.

Firji ma haka. Yawancin manyan motocin Amurka na da firjin da ke aiki da gas, wanda ba shi da kwamfaresa. Yana so mota ta tsaya daidai ba karkata, kuma da zafin waje ya wuce maki 35 sai ya fara kasawa, nama ya narke. Ƙaramin firji mai kwamfaresa na bolt 12, mai cin wat 40 zuwa 60, ya fi shi nesa ba kusa ba. Tankin gas ɗin motar Amurka kuma a manne yake da shasi, ba tukunyar kilo 11 ta Gasco da ake musanyawa a unguwa ba ce, bakinsu ma ba ɗaya ba. Sai an nemi gwani ya sauya layin, ba yaron shago da tiyo da waya ba.

Sai ruwa, wanda masu ƙera motocin nan ba da mu suka yi lissafinsa ba. Mu masu alwala ne, masu tsarki da ruwa. Mutum biyar, salla biyar, buta ɗaya mai lita ɗaya da rabi kowane lokaci: lita 37 ke nan a wuni, ba a yi girki ba, ba a wanke kwano ba, ba a yi wanka ba. Tankin ƙaramin karafan lita 60 zuwa 100 ne, wato kwana ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi. Babban na ɗaukar lita 200 zuwa kusan 400. A nan babban ya yi nasara, babu gardama. Maganin mai ƙaramin shi ne jarkoki biyu ko uku masu lita 20, a yi alwala a waje da buta, a bar famfon ciki don girki. Amma a tuna kowace lita kilo ɗaya ce, kuma bayan an ɗora katako da batir da firji, kilo 400 zuwa 600 na nauyin da motar ke iya ɗauka ya riga ya tafi.

Shigar ruwa ba ta kai fitarsa wuya ba. Banɗakin ƙaramin akwati ne na lita 17 zuwa 21 da ake zarowa, kuma da tsarkin ruwa a kwana ɗaya ko biyu ya cika. Aikin ba daɗi, amma ana ɗaukarsa da hannu a juye a masan kowace mahaɗɗa, wato gidan mai, ko istiraha. Babban yana da tankin ƙazanta na lita 100 zuwa 150 a ƙarƙashinsa, wanda aka tsara a juye ta tiyo mai inci uku cikin rami na musamman. Irin waɗannan ramuka sun cika sansanonin Amurka, a nan kuwa sai an sha nema, don haka ko dai ka samu bakin shadda a filinka, ko ka kira wayit, wato tanka mai zuƙar ƙazanta. Idan aka bar tankin a zafi mako guda, abin da ke ciki ya bushe ya daskare, ma'aunin cika ya daina aiki, warin kuma ya kama katifa da labule. Zubarwa a wadi, wato kwari, laifi ne da ke jawo tara, kamar yadda ƙona itacen gida irin su samur da gada yake jawowa.

A hanya, babban yana da daɗi muddin titi miƙaƙƙe ne kamar na Jidda zuwa Madina, sai dai iskar gefe da ta tirela mai wucewa suna tura shi kamar kwali. Matsala tana farawa a aƙaba, wato hanyar hawa da gangaren dutse. Gangaren Hada daga Ɗa'if, da na Dila' da Sha'ar a ƙasar Asir, lanƙwasa ne a kan lanƙwasa. Motar tan takwas ko goma idan aka dogara da birki kaɗai, fayafayan sai su yi ja, man birki ya tafasa, feda ta nutse. Ana saukowa ne da ƙaramar giya, ana taka birki da ƙarfi a saki, ba a ɗora ƙafa a bar ta ba, kuma man birki a canza shi duk shekara biyu don yana tsotsar laima. Mai babban karafan gara ya bi ta Sailul Kabir, inda miƙatin Ƙarnul Manazil yake, ko da ta fi nisa.

A rairayi kuwa dukansu ba gwanaye ba ne. HiAce tayoyin baya ne ke ja, Ducato na gaba, Sprinter ce kaɗai a cikin ukun nan ake samun mai ja da huɗu cikin sauƙi. Amma idan HiAce ta kafe, a rage iskar taya zuwa wajen PSI 20, a sa faranti a ƙarƙashin taya, Hilux ɗin wani mai kirki ta fizge ta. Idan rukunin A ya nutse a sabka, wato ƙasar gishiri mai laka, sai winci na manyan motoci, kuma saɗaha ta yau da kullum, motar da ke ɗaukar mota a bayanta, ba za ta ɗauke shi ba. Gindinsa da ya zarce tayar baya da mita uku yana dukan ƙasa a ɗan kwari kaɗan, a nan ne bututun ƙazanta yake. Ɗakunan da ke turowa waje ta gefe, waɗanda su ne ke sa falon ya yi faɗi a hoto, haƙoransu da robarsu ba sa shiri da ƙura. Idan ɗaya ya maƙale a buɗe, motar ba ta tafiya ko'ina.

Sannan ina za ka ajiye shi wata bakwai na zafi? Wanda ya san lungunan Misfala da Shara Mansur na Makka ya san amsar. HiAce mai gajeren rufi tsayinta bai kai mita biyu ba, tana shiga yawancin wuraren ajiye mota na ƙarƙashin ƙasa, tana kai yara makaranta ranar Lahadi, ta tafi Shafa ta Ɗa'if ranar Alhamis da yamma. Babban sai an kama masa haya a fili ko istiraha, kuma a ƙarƙashin rumfa. Rufinsa roba ce, gam ɗin da ke kewaye da mukayyif da tagogin sama yana tsagewa a ranarmu cikin 'yan watanni. Ruwan sama ɗaya irin na Jidda ya isa ya shiga, katakon bango ya ruɓe, fatar waje ta kumbura. Tayoyinsa kuma tsufa ke kashe su, ba tafiya ba. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu, mako da shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Duk wadda ta haura shekara biyar a canza ta ko da zanenta sabo ful, kuma guda shida ne, masu inci 19.5 ko 22.5 a rukunin A, waɗanda ba kowane banshar, wato shagon taya, ke da su ba. Idan ta baya ta fashe a guje, takan tafi da wayoyi da bututun da ke samanta.

Kayan gyara su ne suka rufe maganar. Babu garin da za ka shiga a ƙasar nan, daga Jizan zuwa Arar, ka rasa makaniken da ya san HiAce da shagon da ke da kayanta. Injin Ford, tsohon V10 na lita 6.8 ko V8 na lita 7.3 da ya gaje shi wajajen 2020, ana samun masu taɓa shi a manyan birane. Amma famfon ruwa, allon firji, motar ɗakin gefe, bawul ɗin tanki, duk sai an yi oda daga waje a jira makonni, a biya dako da harajin kashi 15. Na Turai masu dizal sun samu sauƙi tun da aka kawo dizal mai tsabta na Euro 5 a 2024, amma har yanzu suna son AdBlue, ruwan da ke tsabtace hayaƙi, kuma matatar hayaƙinsu na toshewa idan ana yawan barin inji yana aiki a tsaye. Lagireto da mukayyif na motar da ba don ƙasashen yankin Gulf aka ƙera ba ma abin dubawa ne.

Takardu kuwa, kafin a ba da ko riyal ɗaya na kafin alƙalami a je Murur, hukumar kula da zirga-zirgar motoci. Nauyin kilo 3,500 shi ne iyaka tsakanin ƙaramar mota da babba a wajen lasisi, kuma duk manyan nan sun haura shi. Mai iƙama, wato baƙo mai takardar zama, ya tabbatar irin motar za ta shiga sunansa a Abshir, manhajar ayyukan gwamnati, don akwai ƙa'idoji kan baƙo da motoci masu kujeru da yawa ko na ɗaukar kaya. Sauye-sauyen da aka yi wa motar su dace da abin da ke cikin istimara, wato takardar rajistar mota, in ba haka ba fahas, wurin gwajin lafiyar mota, zai dawo da kai, kamfanin inshora kuma ya samu hanyar zillewa. Masu mafarkin yin aikin hajji da karafan su ajiye wannan: ƙananan motoci ba sa shiga Mina da Arfa a kwanakin hajji.

Inda babban ya cancanci kuɗinsa shi ne gida mai mutum bakwai ko takwas, da 'yan mata da samari da ya kamata a raba musu makwanci, ko dattijuwa da ba za ta iya tsugunno a daji ba. Ɗaki mai ƙofa, banɗaki na gaske, wurin da uwargida za ta cire mayafi ta sake, waɗannan ƙaramin ba zai ba ka su ba. Shi kujeru huɗu ne masu bel, gado na mutum biyu, da wasu biyu a sama idan rufin mai ɗagawa ne. Ko a nan ɗin ma rukunin C mai mita 7 zuwa 8, wanda ba shi da ɗakin gefe ko yana da guda ɗaya tak, ya fi rukunin A hankali. Wanda kuma yake da GMC ko Patrol a ƙofar gida, ya duba karafan na ja tukuna: babu inji na biyu da za a yi wa hidima, ana kwance shi a sansani a shiga gari da mota. Iyalai da yawa ma HiAce da tanti ɗaya na maza a gefe ya wadatar da su.

Idan na hannu za ka saya, je da rana tsaka, ba da magariba ba. A kunna janareta da mukayyif duka su yi awa guda kana tsaye. A cika tankin ruwa, a buɗe famfo a rufe, a saurara: idan famfon na tashi da kansa lokaci-lokaci, akwai yoyo a wani wuri. Hau rufi da kanka ka danna kewayen kowane gam da yatsa, ka buɗe akwatunan sama ka shinshina, ka taka ƙasan banɗaki ka ji ko yana lotsawa. A fitar da ɗakin gefe a mayar sau uku. Ciro rahoton Mojaz na tarihin motar da lambar shasi, idan kuma shigo da ita aka yi daga Amurka a bincika ko ambaliya ta taɓa cin ta, don tsatsa a ƙarƙashin kujerar direba da laka a cikin akwatin fis ba sa ɓuya. Daga nan a kai ta sikelin manyan motoci da tankuna cike, a gwada abin da ya nuna da lambar nauyin da ke manne a jikin ƙofar direba.